Yadda ake kafa gasar ƙwallon ƙafa ta ƙauyuka a kuma ɗora ta a kan tsanin da ya kai FIFA

Da zarar an ɗaure dawa an kai gyaɗa gida, filayen firamare daga Kazaure har Rano sai su cika da 'yan kallo. Wani mai hali ya sa kofi, ƙungiyoyi ashirin ko talatin su sayi fam, a yi makonni ana gwabzawa. Sai an zo wasan kusa da na ƙarshe rigima ta tashi a kan ɗan wasan da aka ɗauko haya daga birni, a shiga fili da sanduna, a watse kofi yana hannun mai shi. Baɗi a sake. Yaran sun iya taka leda, 'yan kallo kuma ba a rasa su ba. Abin da babu shi ne amsar tambayoyi huɗu: wa ke kafa doka, wa ke gudanar da gasa, wa ke yanke hukunci, kuma ina wanda ya ci zai nufa daga nan. Duniyar ƙwallo ta daɗe da amsa su, kuma amsar tana aiki a gunduma kamar yadda take aiki a Ingila.

Wa ke saman wa

Dokokin wasa guda 17 ba FIFA ce kaɗai take yin su ba. Akwai majalisar IFAB da aka kafa a 1886, mai ƙuri'u takwas: Ingila, Sukotlan, Wales da Ayalan ta Arewa kowacce tana da ɗaya, FIFA tana da huɗu. Ba a sauya doka sai da ƙuri'u shida. Tunda FIFA ma ba ta iya taɓa dokar satar gida ita kaɗai, kwamitin gasarku ba shi da hurumin cewa "a nan ba ma yin haka". Abin da ke hannunku shi ne dokar gasa: maki, rajista, hukunci, jadawali.

FIFA an kafa ta a Faris a 1904, hedikwatarta tana Zurich, kuma tana da mambobi 211. A kowace ƙasa hukuma ɗaya tak take amincewa da ita. Ƙarƙashinta akwai hukumomin nahiyoyi shida: UEFA ta Turai, AFC ta Asiya, CONMEBOL ta Kudancin Amurka mai ƙasashe goma kacal, CONCACAF ta Arewaci da Tsakiyar Amurka, OFC ta tsibiran Fasifik, sai tamu, CAF, wadda aka kafa a Khartum a 1957, ofishinta yana Masar, da mambobi 54. CAF ta kasa nahiyar shiyya-shiyya. Najeriya tana WAFU B tare da Nijar, Gana, Benin, Togo, Burkina Faso da Kwaddibuwa.

A gida, hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, NFF, ce mai riƙe da tutar. Ƙarƙashinta akwai hukumomin ƙwallo na jihohi 36 da Abuja, kuma shugabanninsu ne mafi yawan masu ƙuri'a a zaɓen 2022 da ya kawo Ibrahim Musa Gusau. Ƙarƙashin hukumar jiha akwai majalisar ƙwallo ta ƙaramar hukuma. Kano tana da ƙananan hukumomi 44, Jigawa 27. Wannan ita ce ƙofar da gasar ƙauye za ta ƙwanƙwasa.

A lura da wani rabon aiki da mutanenmu suka saba cuɗawa. Hukuma daban, gasa daban. A Ingila, hukumar ƙwallo ta FA da aka kafa a 1863 ita ke kula da tawagar ƙasa, da kofin ƙalubale, da ladabtarwa. Firimiya kuwa, tun 1992, kamfani ne na ƙungiyoyin da ke cikinta, waɗanda yanzu su 20 ne. Kowace tana da ƙuri'a ɗaya, kuma sai 14 sun yarda ake sauya ƙa'ida. A Najeriya ma akwai gasar NPFL mai ƙungiyoyi 20 a sama, gasar NNL a biye, sai gasar Nationwide, wato NLO, sannan gasannin jihohi, duk a ƙarƙashin inuwar NFF. Biyun farko a NPFL suna zuwa gasar zakarun Afirka, ta uku da wadda ta ci kofin ƙalubale suna zuwa kofin Confederation na CAF. Ta wannan hanya Kano Pillars ta fitar da Al Ahly ta Masar a 2009 har ta kai wasan kusa da na ƙarshe.

Ƙa'ida ɗaya da FIFA ba ta wasa da ita: gwamnati ba ta tsige shugabannin hukuma, kuma ba a kai rikicin ƙwallo kotun gama-gari. Saboda wannan aka dakatar da Najeriya a 2010, aka sake a Yulin 2014. Rikicin ƙwallo yana da nasa kotuna, na ƙolinsu ita ce CAS da ke Lausanne. A ƙauye ma haka ya kamata: wanda ya sa kofi a gode masa, a ba shi kujerar gaba, amma ba shi zai ce a sake wasa ba.

Wane salo ya dace da karkara

Salo biyu ne manya a duniya. Na farko buɗaɗɗe ne, mai hawa da sauka. A Firimiya ukun ƙarshe suna faɗuwa, biyu su hau kai tsaye daga ajin da ke biye, Championship, ta uku ta fito daga wasannin cike gurbi. A Jamus, inda Bundesliga take da ƙungiyoyi 18, biyu ke faɗuwa, ta 16 kuma ta kara da ta uku a ajin ƙasa gida da waje. Salon bai san girma ba: Pillars da ta ci kofin ƙasa a 2008, 2012, 2013 da 2014 ta faɗi a 2022, ta dawo a 2023. Na biyu rufaffe ne, irin MLS ta Amurka da ta fara a 1996. Babu mai faɗuwa, kuma da kuɗi ake sayen gurbi. Manyan ƙungiyoyin Turai 12 sun gwada kawo irinsa a Afrilun 2021 da sunan Super League, magoya baya suka yi ca, cikin kwana uku abin ya wargaje.

Ga ƙauye, buɗaɗɗen ne ke raya gasa. Ƙungiyar da ba za ta ci kofi ba tana da dalilin zuwa fili a makon ƙarshe, don kada ta faɗa cikin 'yan dagaji. Sili-ɗaya-ƙwale da muka fi sabawa da shi yana da daɗin kallo, amma rabin ƙungiyoyi wasa ɗaya suke bugawa su koma gida sai baɗi. Yaron da ke buga wasa ɗaya a shekara ba ya zama ɗan wasa.

Akwai darasi daga Brazil ma. Ƙasar tana da faɗi, don haka shekara tana farawa da gasannin jihohi, irin na São Paulo da na Rio, kafin ta ƙasa. NNL ita ma rukunin Arewa da na Kudu take yi saboda kuɗin hanya. Kuɗin mota shi ke kashe ƙungiyar ƙauye kafin komai. Ku haɗa garuruwan da babur zai kai cikin rabin sa'a a rukuni guda, zakarun rukunai su haɗu a hedikwatar ƙaramar hukuma. Ƙungiya takwas a kowane aji ta isa. In sun kai goma sha shida, a yi aji biyu, biyu su hau biyu su sauka.

Kafa kwamiti

A fara da manya. A je wa dagaci ta hannun mai unguwa, a ce, "Ranka ya daɗe, mun zo neman izini da albarka," a bar masa takardar da ke ɗauke da ranaku da filaye. A sanar da hakimi da ofishin 'yan sanda a rubuce. In filin makaranta ne, a karɓi izinin hedimasta a takarda, domin izinin baki yana tafiya da mai shi ranar da aka yi masa canji. Sannan a kai wasiƙa majalisar ƙwallo ta ƙaramar hukuma ana neman amincewa da gasar da kuma alƙalai.

Babban taro shi ne mai iko: kowace ƙungiya ƙuri'a ɗaya, babba da ƙarama. Shi ke zaɓen masu gudanarwa biyar ko bakwai, da shugaba da sakatare da ma'aji a ciki, kuma sai kashi biyu cikin uku sun yarda ake sauya ƙa'ida, wato shida cikin takwas. Ba a sauya ƙa'ida gasa tana tafiya, ko da kowa ya yarda. Abin da aka ga ya gaza a rubuta shi a ajiye wa kaka mai zuwa.

Kwamitin ladabtarwa ya zama mutum uku waɗanda ba su da ƙungiya a gasar: tsohon alƙalin wasa, malamin makaranta, dattijon da ake jin maganarsa. Na ɗaukaka ƙara wasu uku ne daban. Duk wanda shari'a ta shafi garinsu ya tashi daga zaman. Wanda bai gamsu ba ya tafi majalisar ƙaramar hukuma, daga nan hukumar jiha. Duka da jifa kuwa ba rikicin ƙwallo ba ne, laifi ne, kuma wurin 'yan sanda ya dace da shi bayan hukuncin gasa.

Kuɗi ya shiga asusun banki da sunan gasar, mutum biyu cikin uku su sa hannu kafin a cire. Kuɗin kyauta ya shiga asusun tun kafin a busa usur na farko. Alƙawarin da aka yi a lasifika ranar buɗe gasa ba kuɗi ba ne, kuma da yawa daga cikin kofunan da suka mutu a nan suka mutu. Kowace ƙungiya ta biya kuɗin shiga, ta kuma ajiye kuɗin jingina da za a riƙa cire tara daga ciki, a mayar mata da saura a ƙarshe.

Dokar gasa: abin da dole ya shiga takarda

Shafi uku ko huɗu da Hausa sun isa, a karanta a babban taro, kowane shugaban ƙungiya ya sa hannu a kowane shafi.

Maki uku ga nasara, ɗaya ga canjaras. Ingila ce ta fara wannan a 1981, duniya ta bi daga baya. Wurin da ake tuntuɓe shi ne in maki ya zo ɗaya. Firimiya tana duba rarar ƙwallaye, La Liga ta Sifaniya tana duba sakamakon karawar da suka yi tsakaninsu. Shawararmu ga karkara ita ce a bi Sifaniya. A Yulin 2013, a wasannin neman hawa na gasar Nationwide a Bauchi, ƙungiyoyi biyu da makinsu ya zo ɗaya suka shiga tseren rarar ƙwallaye: Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da nema, Police Machine ta ci Babayaro 67 da nema. NFF ta haramta wa 'yan wasan ƙwallo har abada. Inda rarar ƙwallaye ce ke raba gardama, ƙungiyar da ta riga ta faɗi tana da abin sayarwa. A jera haka: karawar juna, rarar ƙwallaye, yawan ƙwallayen da aka ci, ƙarancin kati, sannan wasan raba gardama a filin da ba na kowa ba.

Wasannin makon ƙarshe a fara su lokaci guda. Wannan ƙa'ida ta samo asali daga kofin duniya na 1982, inda Jamus ta Yamma da Ostiriya suka buga sun riga sun san sakamakon da zai fitar da Aljeriya, suka kuma tsaya a kansa.

Rajistar 'yan wasa ita ce zuciyar takardar. Kowace ƙungiya ta ba da sunaye 25 zuwa 30 mako biyu kafin farawa, kowane da hoto biyu, da ranar haihuwa, da lambar NIN, da sa hannu. Sakatare ya yi wa kowa kati mai hoto da hatimi, ya liƙa jerin sunayen duka ƙungiyoyi a bainar jama'a har kwana bakwai don mai ƙorafi ya fito. Kafin kowane wasa kyaftin biyu su tsaya gaban alƙali a duba kati da fuska. Babu kati, babu wasa, ko da ɗan dagaci ne. Ƙofar canjin 'yan wasa a buɗe ta sau ɗaya, a tsakiyar kaka, na mako guda. FIFA ma ba ta yarda mutum ya buga wa fiye da ƙungiya biyu a kaka ɗaya ba.

Maganar 'yan haya ba ta mutuwa da hani kawai, domin yaron garin da ke karatu a Dutse ko yake ɗinki a Kano ɗan gari ne. A rubuta ma'anar ɗan gari a fili: wanda aka haifa a nan, ko iyayensa ke nan, ko ya shekara yana zaune, da shaidar mai unguwa. Sannan a yarda da baƙi uku a rajista, biyu a fili. Abin da aka halatta da iyaka ya fi sauƙin tsarewa.

Jan kati yana hana wasa na gaba kai tsaye, ba sai an zauna ba. Katin gargaɗi uku, wasa ɗaya. A Firimiya biyar ne, amma su wasa 38 suke bugawa. Ƙungiyar da ba ta zo ba bayan minti 30, ko ta kasa fitar da mutum bakwai, ko ta sa wanda bai cancanta ba, an ci ta 3-0. Sau biyu a kaka, an kore ta. A rubuta tun yanzu me za a yi da sakamakon wadda aka kora: in ba ta gama zagayen farko ba a goge duk wasanninta, in ta gama a bar na farko a ba sauran 3-0 a na biyu. Ƙorafi a rubuce cikin sa'a 24 da kuɗin ƙorafi, wanda ake mayarwa in an yi nasara, hukunci kuma cikin kwana uku, kafin wasa na gaba. Hukuncin alƙali a kan abin da ya faru a fili, ƙwallo ta shiga ko ba ta shiga ba, ba ya cikin abin da ake ƙorafi a kai.

Jadawali

Lissafin yawan wasanni: a ninka adadin ƙungiyoyi da adadin da aka rage masa ɗaya. Takwas sau bakwai, 56 ke nan gida da waje, cikin mako 14. Zagaye ɗaya kawai, rabin haka, 28. Ƙungiya 20 ita ke ba da wasa 380 na Firimiya.

A jefa ƙuri'a a gaban kowa a ba ƙungiyoyi lamba 1 zuwa 8. A rubuta 1, 2, 3, 4 a layin sama, 8, 7, 6, 5 a ƙasansu. Makon farko: 1 da 8, 2 da 7, 3 da 6, 4 da 5. Daga nan lamba 1 ta tsaya a wurinta, sauran su juya gurbi guda: sama ya zama 1, 8, 2, 3, ƙasa 7, 6, 5, 4. Mako na biyu ke nan: 1 da 7, 8 da 6, 2 da 5, 3 da 4. A ci gaba har mako bakwai, kowa ya haɗu da kowa. A duba kada wata ta yi wasa uku a jere a waje, sannan a juya gida da waje a zagaye na biyu. In ƙungiyoyi bakwai ne, lamba 8 ta zama hutu.

Kaka a karkara gona ce ke yanka ta. A fara tsakiyar Nuwamba, a gama ƙarshen Fabrairu, kafin zafin bazara da sharar gona. A duba inda azumi ya faɗo, tunda yana matsowa da kimanin kwana 11 duk shekara. A yankin Haɗeja da Auyo, inda noman rani ke riƙe matasa a fadama, a tambaye su ranar da ba sa ban ruwa. A kauce wa ranar kasuwa: Juma'a a wajen Wudil, Alhamis a Maigatari, rabin 'yan wasa suna can suna neman na kansu.

Wasa cikakke da hutun rabin lokaci yana cin kusan sa'a biyu. A watan Disamba ana kiran Magariba wajen ƙarfe 6, don haka a take wasa da an idar da La'asar. Doka ta yarda a rage tsawon kowane rabi in an amince kafin a fara kuma dokar gasa ta tanada. A rubuta minti 40, ya fi a ƙare wasa cikin duhu ana gardamar wanda ya taɓa ƙwallo.

Fili

Tsawo mita 90 zuwa 120, faɗi 45 zuwa 90, kuma dole tsawo ya fi faɗi. Mita 100 da 64 ya wadatar. Don kusurwa ta miƙe, a auna mita 12 a layi ɗaya, 16 a ɗayan, tsakanin alamun biyu ya zama 20 cif. In an gama a ja igiya daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarori biyu, kowanne ya ba da kusan mita 118.7. Raga mita 7.32 a faɗi, 2.44 a tsayi. Babban gida mita 16.5 daga kowane turke, ƙarami 5.5, ɗigon fenareti mita 11, da'irar tsakiya 9.15.

A ja layi da toka ko farar ƙasa. Kada a haƙa shi da fartanya, wannan rami shi ke gurɗe idon sawu. In gona ce aka share, a tumɓuke kututturen kara ɗaya bayan ɗaya, a cike ramukan ɓera, a bi da manjagara a kwashe ƙarangiya. Turakun raga a binne su da siminti, domin ragar ƙarfe da ba a kafe ba tana faɗo wa yaro. A zagaye fili da igiya taku uku daga layi, 'yan sintiri su tsaya a bayanta suna fuskantar 'yan kallo. Ƙungiyar gida ita ke da alhakin ƙwallo biyu masu lamba 5, da ruwan sha, da ma'aikacin lafiya daga asibitin sha-ka-tafi, da abin hawa a shirye.

Alƙalai

A nemi masu rajista da ƙungiyar alƙalan wasa ta jiha ta hannun majalisar ƙaramar hukuma. In babu isassu, na tsakiya aƙalla ya zama mai horo, kuma ba daga garuruwan da ke karawa ba. Kwamiti ne ke biyansa daga asusu kafin wasa. Ranar da ƙungiyar gida ta zama ita ke ba alƙali kuɗin mota da abinci, baƙi sun daina yarda da usur ɗinsa, ko da waliyyi ne. A sanar da sunansa da safiyar ranar. Kwamiti ya tura wakili guda ya rubuta sakamako, da masu cin ƙwallo, da katuna, alƙali da kyaftin biyu su sa hannu a nan take, a ɗauki hoton takardar a tura zauren WhatsApp na gasar kafin Isha'i. Wanda ya taɓa alƙali an dakatar da shi shekara, filin garinsu a rufe shi wasa biyu. Hukunci na farko da aka sassauta saboda roƙon manya shi ne ma'aunin da za a riƙa kawo muku har ƙarshen kaka.

Takardar da ke kawo kuɗi

Gasar da hukuma ba ta san da ita ba, zakaranta a filin firamare yake ƙarewa. Ƙungiyar da ke son hawa ta yi tsarin mulki, ta yi rajistar sunanta da hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ta buɗe asusun banki, ta yi rajista da hukumar ƙwallo ta jiha tana sabuntawa duk shekara. Wannan ke ba ta damar shiga gasar jiha, wadda ke kaiwa NLO, da kofin ƙalubale na jiha, wanda ƙungiyoyin da suka kai wasan ƙarshensa ke zuwa na ƙasa. Ta wannan kofi ƙungiyar ƙauye za ta iya haɗuwa da Pillars ko Jigawa Golden Stars ba tare da ta jira shekarun hawa aji ba.

Akwai dalili mafi girma. Dokar FIFA ta tanadi kuɗin raino iri biyu. Na farko ana biyansa lokacin da yaro ya sa hannu a kwantiraginsa na farko na ƙwararru, ga ƙungiyoyin da suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 21. Na biyu kashi 5 cikin 100 ne na kuɗin sayensa duk lokacin da ya sauya ƙungiya zuwa wata ƙasa, ana raba wa waɗanda suka riƙe shi daga shekara 12 zuwa 23. Shekarun 12 zuwa 15 kowace tana cin kashi 5 na wannan kaso, 16 zuwa 23 kowace kashi 10. A ɗauka an sayar da ɗan wasa Yuro 1,000,000. Kason raino 50,000 ne. Ƙungiyar da ta riƙe shi daga 12 zuwa 15 tana da 10,000, in ya ƙara shekara biyu a hannunta ta sami wata 10,000. In an sake sayar da shi, a sake biya.

Amma ba a biya da shaidar baki. Kowane ɗan wasa yana da fasfon ƙwallo da hukumar ƙasa ke cikewa, mai nuna ƙungiyar da ya yi rajista da ita kowace shekara tun yana 12. Tun 2022 FIFA ta buɗe ofishi a Faris da ke bin wannan fasfo ya tura kuɗi asusun ƙungiyar bayan ya tantance ta. Kocin da ya shekara shida yana saya wa yaro takalmi amma bai taɓa yi masa rajista ba, sunansa ba ya ciki, kuma wata makarantar ƙwallo ta birni da ta riƙe yaron wata shida ita za ta karɓa. Shi ya sa ake yin rajista tun yaro yana 12, da shekarunsa na gaskiya. Rage shekaru yana lalata fasfon, kuma tun 2009 ake gwajin ƙashin wuyan hannu da na'urar MRI ga 'yan ƙasa da 17 don tantance shekarunsu.

Iyaye su san wannan: FIFA ta hana kai ɗan wasan da bai cika 18 ba wata ƙasa, sai a 'yan yanayi kaɗan, kamar iyayensa su ƙaura don dalilin da ba ƙwallo ba, ko gidansu da ƙungiyar kowanne yana cikin kilomita 50 daga kan iyaka, wanda zai iya shafar yaran Maigatari da ƙungiyoyin Nijar. Duk wanda ya zo ya ce a sayar da gona zai kai ɗan shekara 16 gwaji Turai, a nemi lasin wakilcinsa na FIFA da takardar gayyatar ƙungiyar, a kai su ofishin hukumar ƙwallo ta jiha a Kano ko Dutse a tantance kafin a ba shi ko sisi.